Gwafar Kawu da Na Fafe ta Baibai

Mun tashi da asuba daga Kano, ana idar da salla muka kama hanyar filin jirgi, ni da wani maƙwabcina tela. Wannan ce Umrarsa ta uku, saboda haka tun daga ƙofar gida ya naɗa kansa jagora. Shi ya gaya mini aljihun da zan sa fasfo, shi ya hana ni shan ruwa da yawa, har yadda ake ɗaura bel ɗin kujera sai da ya kwatanta mini a cikin a-daidaita-sahu. Na ƙyale shi, don gaskiya ban taɓa hawa jirgi ba. Iyakar tafiyata kudu ce, wajen sayo katako.

Ga waɗanda ba su san ni ba cikin masu bibiyar shafin nan, ni kafinta ne, shekara ashirin da 'yan kai ina sana'ar. Ina da injin juya katako, irin wanda muke fitar da ƙafafun gado da na tebur da shi. Mahaifina kuwa, Allah ya jiƙansa, masassaƙi ne, da turmi da akushi ya ciyar da mu. Na faɗi wannan ne tun farko don kada wani ya tausaya mini ya ce rashin sani ne ya sa na yi abin da na yi a Jidda. Ganin na sani ne ya kai ni.

Kafin mu fita na leƙa ɗakin Inna, na same ta a kan sallaya. Ta ce, "Na ji kowa ya ba ka sautu. Ni nawa ɗaya ne. Yayana ya ce yana da saƙona. Ka riƙo shi a hannu, kada ka ba su su jefa a ƙarƙashin jirgi."

Yayan nan nata, Kawu, yana ɗan shekara goma sha biyu ya bi mahaifinsu zuwa Hajji ta ƙasa, ta hanyar Sudan. Inna tana ƙarama aka bar ta wajen kakarsu, don mahaifiyarsu ta riga ta rasu. Abin da uwar ta bari a duniya akushi ne guda ɗaya, shi aka ɗauka don cin abincin hanya, aka lallashi yarinya da cewa za a dawo mata da shi. Mahaifin ya rasu a Sudan, akushi ya ɓace wajen tsallaka teku, Kawu ya zauna a Jidda ya yi aure cikin Hausawan Sudan. Duk lokacin da ya yi niyyar zuwa gida sai maganar iƙama, wato takardar zama, ta tsaya masa a wuya. Inna kuma yanzu ba ta da ƙafar tafiya. Fiye da shekara sittin suna gaisawa, da wasiƙa, da kaset, yanzu da waya, kuma ba su taɓa rabuwa ba ba tare da ta tsokane shi ba: "Ina akushina?"

Ba zan tsawaita a kan Makka ba. Wanda ya je ya sani, wanda bai je ba Allah ya kai shi. Kwana shida muka yi, ranar Talata da hantsi ɗan Kawu ya zo da mota ya ɗauke mu zuwa Jidda. Taubashina ne, haifaffen can, direba ne a wani kamfani. Yana jin Hausa sarai, amma idan ya zo mayarwa sai ya yi kalma uku ya zame cikin Larabci. Na ce masa Hausarsa kamar rigar aro, ta kai wuya ba ta kai gwiwa ba. Ya ce ni kuma Larabcina ko wuyan bai kai ba.

Hanyar faɗi gare ta, baƙaƙen duwatsu hagu da dama, babu ciyawar da akuya za ta yi murna da ita. Na riƙe kujera ina jiran rami har muka shiga gari ban same shi ba. Zafin Jidda daban yake da namu. Namu yana ƙona ka ya bar ka a bushe, nasu jiƙa ka yake yi, ka fito daga wanka riga ta manne maka a baya. Kyanwoyi kuwa sun fi almakashin maƙwabcina yawan aiki, kowace kwana da tata rundunar. Mun tsaya mun sha shayi da madara da kayan ƙamshi, maƙwabcina ya juya kuɗin zuwa naira a kansa, ya ce wallahi wannan ba shayi muka sha ba, rabin yadin shadda ne.

Gidan Kawu a Ruwais yake, tsohuwar unguwa kusa da teku, lungu ne da mota ba ta shiga sai a ajiye ta a bakin titi. Na same shi dogo, siriri, yanar ido ta rufe masa gani, haske kawai yake bambancewa da duhu. Ya kama fuskata da hannu biyu ya shafa, ya ce goshin Inna ne sak. Na yi niyyar dakewa, ban iya ba, muka yi kuka ni da shi, tela ma ya taya mu duk da bai san kowa ba.

Washegari da safe aka kawo ful, wato dafaffen wake da aka dama da mai, da faffaɗar gurasa mai zafi da suke kira tamis. Na Kawu a wani faranti na katako aka zuba masa gurasar. Ni dai idona na kafinta ne, na bar wake na bi faranti da kallo. Launinsa kamar zumar da ta daɗe, a tsakiyarsa kuma wani zane ya tashi kamar ganyen dabino, jijiya ɗaya a tsaye, gashi ya bazu hagu da dama. Idan ka karkata shi sai zanen ya yi motsi, wurin da yake duhu ya yi haske. Na juya bayansa ina neman inda aka liƙa ko aka shafa fenti, ban samu ba. Na kuma lura Kawu yana tauna, babban yatsansa yana bin jijiyar nan sama da ƙasa. Ashe itacen da ya bushe sosai yakan bar ɗan tudu-tudu a wurin, wanda ido ba ya gani amma yatsa yana ji.

Ya ce sunan itacen jauz, bishiyar ƙasashen sanyi ce, irin su Sham da Turkiyya. Ita ke haifar 'ya'yan nan masu ɓawo mai tauri da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda cikinsu yake kama da ƙwaƙwalwa. Katakonta ko miƙaƙƙe ne yana da tsada. Amma abin da masu juya katako suke rububi shi ne gwafa, wurin da gangar bishiya ta rabu gida biyu. A nan rassan biyu suke matse juna suna girma shekara da shekaru, matsin nan shi ke haifar da zanen. Na yi dariya na ce mu a gida gwafa ta tokare rumfa ce, in ta yi saura a ba mai waina ta hura wuta, don mahaifina cewa yake yi gwafa ita ke cinye bakin gizago. Ya ce, "Gaskiyarsa. Mai taurin kai ce. Shi ya sa ba kowa ke ganin cikinta ba."

Daga nan ya sa aka jawo wani abu daga ƙarƙashin gadonsa, a naɗe cikin buhu. Rabin gwafa ce, fuska ɗaya a baje inda zarto ya bi, bayanta a zagaye da sauran ɓawo, an shafe gefunanta da kakin zuma don kada ta tsage. Kawu ya yi shekara arba'in yana fitar da ƙananan sandunan da ake ƙawata tagogin tsofaffin gidajen Jidda da su. Wani ɗan kasuwar katako mutumin Sham shi ya kawo masa gwafar nan ɗanya, kyauta. Kawu ya tsaga ta ta tsakiyar rassan biyu, ta ba shi rabi biyu masu zane iri ɗaya, ya jira ta bushe. Ya ce ya fara da nasa ne, wato farantin nan, don ya koyi halin itacen, kada ya yi kuskure a kan na ƙanwarsa. Kafin ya kai ga nata, ido ya tafi. Shekara goma sha ɗaya tana ƙarƙashin gado, ya ƙi ba kowa, ya ce hannun jininsu yake so ya yi aikin.

Ya ce, "Ya waladi, ranar Asabar za mu je Waziriyya wajen wanda na sayar wa injina. Kai ka riƙe ƙarfe, ni in zauna a gefenka. Wannan ba a shigarta yadda aka saba. Kyawunta a fuska yake, bai fi yatsa biyu zurfi ba." Na ce to, Kawu. Irin "to" ɗin nan namu da ake ba babba da baki, kunne yana wani wajen.

Yinin ranar a tsohon gari muka yi shi. Na ga tagogin da Kawu yake faɗa, hawa uku hawa huɗu na katako tsantsa, an saƙa su kamar hular hannu. Mun ci tsire a wajen wani Bahaushen Sudan da yake kiransa agashe, ƙuli da yaji duk namu ne, suna kawai ya sauya a hanya. Sai kasuwa. Jallabiya, abaya, turare, carbi, dabino, sautun mutum goma sha wani abu, kowa ya ce nasa ba nauyi. Maƙwabcina yana da wani ɗan ma'auni na ratayawa da ba ya rabuwa da shi. Da muka koma gida ya rataya jakunkuna, ya rataya gwafar Kawu, ya girgiza kai. Ya ce jirginmu Lahadi ne, in aikin Asabar bai ƙare ba, sai dai in ɗauki gungume a haka in zubar da sautun mutane.

A nan na fara yi wa kaina huɗuba. Asabar ta matse. Man da ake shafa wa katako yana bukatar kwana biyu ya sha. Tsoho da ciwon ido bai kamata ya zauna cikin ƙura ba. Gara in je in yi aikin in kawo masa ya yi mamaki. Duk waɗannan dalilai ne masu kyau, amma na gaskiyar ban faɗa wa kowa ba: ban so a zaunar da ni a gaban baƙi ana cewa riƙe nan, saki can, kamar ɗan koyo.

Ranar Alhamis bayan azahar Kawu ya kwanta, na saɓi buhu na ce wa taubashina ya kai ni Waziriyya. Ya ce, "Abuya ya ce Sabt," wato babansa ya ce Asabar. Na ce masa shi direba ne, ya tsaya a kan sitiyari. Ya ɗaga kafaɗa ya ce yalla. Waziriyya unguwar masu neman na kai ce, ƙananan shaguna jere, mai walda kusa da mai gyaran firji kusa da mai gurasa. Shagon na wani dattijo ne mutumin Yaman, da jin ni ɗan ƙanwar Kawu ne ya rungume ni ya kawo shayi, ya nuna mini injin. Na shafa shi na ji kunya a madadin nawa na gida.

Duk akushin da na ga mahaifina ya yi, hanya ɗaya ce. A tsaga gungume, a kwantar da shi a kan zagayayyen bayansa, a fafe ta fuskar da take a baje. Bayan ya riga ya yi siffar gindin akushi, Allah ya rage maka aiki. Haka na ɗaura gwafar. Dattijon ya ajiye kofinsa, ya yi magana, yana kifa tafin hannunsa. Taubashina ya ce yana nufin in kifa ta, fuskar ta koma gindi, in fafe ta baya. Na fahimce shi sarai. Na ce a gaya masa in na yi haka rabin katakon zai tafi a banza, abin ya fito ba zurfi, alhali Inna akushin tuwo aka yi mata alkawari. Ya dube ni, ya dubi gwafar, ya ce da Larabci ni ne gwani, ya koma kujerarsa.

Da ƙarfe ya fara shafar fuskar, kakin ya tashi, sai ga zanen ya fito, ya ma fi na farantin Kawu cika. Wani ƙamshi mai ɗan ɗaci ya cika shagon. Na ji daɗi har ina kiran taubashina ya ɗauki hoto. A tunanina kamar maɗaci ne, jan da ka gani a sama shi za ka tarar a ƙasa. Na danna ƙarfe na shiga ciki, sassaƙe yana tashi kamar taliya yana zuba a ƙafata. Aiki yana tafiya sumul, ban tsaya ba sai da na yi zurfin da nake so. Na kashe injin don in gwada kauri.

Cikin akushin fili ne fetal. Katako ne mai kyau, ruwan ƙasa, ba komai a jikinsa. Ɗan alamar zanen kawai ta rage a baki, ba ta kai faɗin farce ba. Na ce wataƙila samfefa za ta fito da shi, na goga. Na ce wataƙila mai, na shafa. Sai a lokacin maganar Kawu ta dawo mini da muryarsa, bai fi yatsa biyu zurfi ba. Na dubi ƙasa. Sassaƙen ya rufe mini idon sawu, kowane ɗan murɗe yana walƙiya da guntun zanen da aka yi shekara goma sha ɗaya ana ajiya. Dattijon ya juya mana baya yana wanke kofunan da ya riga ya wanke.

A mota na shirya ƙarya. Zan ce na tarar da tsaga a ciki, dole ta sa na yi zurfi. Da muka isa bayan la'asar Kawu yana zaune a tabarma, na durƙusa na miƙa masa, ƙaryar ta maƙale. Ya auna nauyinsa a hannu. Ya bi bakin da yatsa. Sai babban yatsan nan ya gangara ciki, ya zaga, ya sake zagawa, yana neman abin da ya sani.

Ya ce, "Ta ina ka shige ta?"

Na ce, "Ta fuska, Kawu."

Can ya ce, "Hannunka yana da kyau. Bakin ya fita daidai, ba inda ya fi wani kauri." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ƙara da cewa, "Da ka jira ni." Sai ya ajiye akushin a gefensa ya ce halas, abin da Allah ya rubuta ke nan. Da aka kawo abinci bayan magariba ya ce ya ƙoshi.

Asabar ɗin da ya kamata in yi a gefensa, a wuraren masu sayar da katako na yi ta, ni da taubashina, daga wannan rumbu zuwa wancan. Jauz akwai, miƙaƙƙun falankai masu tsadar da ko maƙwabcina bai yi ƙoƙarin juyawa zuwa naira ba. Gwafa babu. Wani ya ce waɗanda suka san darajarta tun bishiya tana tsaye suke kama ta, ba ta isowa kasuwa. Ya ce ko na samu ɗanya, in shirya jiran shekaru kafin ta yi aiki. Da yamma suka kai ni bakin teku wai in sha iska, aka sayo soyayyen kifi da shinkafa. Kowa ya yaba, ni ban san me na ci ba.

Ranar Lahadi da safe muna ɗaure kaya Kawu ya kira ni. Ya sa an wanke farantinsa, ya naɗe shi da hannunsa a cikin tsohon hiraminsa. Ya ce, "Kai mata wannan." Na ce ba zan ɗauka ba, ni na yi ɓarna, ba shi zai biya ba. Ya ce, "Alkawarin nawa ne, ba naka ba. Ni da ba na gani, ina ruwana da zane? Bar mini wanda ka yi, shi ma daga jikin gwafar ya fito." Na san ba gaskiya ya faɗa ba, don safiya huɗu ina kallon yatsansa. Na karɓa, na kasa ɗaga kai in dube shi har muka yi sallama.

A filin jirgi jakunkunanmu suka wuce ba wanda ya ce kanzil, har da sauran wuri. Maƙwabcina ya dubi allon ma'aunin, ya dubi nasa ɗan ma'aunin, ya sa shi a aljihu. Wannan ne karo na farko a tafiyar da bai ba ni shawara ba.

Mun sauka Kano da yamma. Masu sautu sun cika tsakar gida, na ratsa su na shiga ɗakin Inna da hirami a ƙirji. Ta kwance shi a hankali, ta matsa bakin ƙofa, ta karkata farantin a haske, zanen ya yi motsi. Ta ce, "Ya cika alkawari." Sai yatsanta ya tsaya a wani wuri da ya fi sauran duhu da santsi. Ta ce, "Wannan ba sabo ba ne. An daɗe ana ci a cikinsa." Na zauna a ƙasa na gaya mata komai, ban rage ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To shi yanzu a me yake ci?" Na ce a wanda na yi. Ta ce in kira mata shi. Da ya ɗauka ta ce, "Yaya, ya iso," ina jin numfashinsa ta wayar. Ranar ce farkon da suka yi sallama ba ta tambaye shi akushinta ba.

Jama'a, ana cewa tafiya mabuɗin ilimi, ni nawa ilimin da tsada na saye shi, kuma ba da abina na biya ba. Na koyi cewa abin da muke jefa wa wuta a wani wurin shi ake ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Na koyi cewa hanyar da ubanka ya koya maka daidai ce a kan itacen da ya sani. Kwana biyu kacal aka ce in jira, na kasa, ni da nake yi wa masu koyo a shagona wa'azin sauri ya haifi nawa.

Shekaranjiya na je bayan shago inda muke tara ragowar itace don mai waina, na tono wata gwafar maɗaci ɗanya. Na tsaga ta ta tsakiyar rassan biyu, na ga ɗan zane a fuskarta, bai kai na jauz ba amma akwai shi. Na shafe gefunan da kaki, na naɗe ta a buhu, na tura ƙarƙashin gadona. Na zauna na ƙirga shekarun da za ta yi kafin ta bushe, na ƙirga shekarun Kawu, sai na daina ƙirgawa.